Sabriyya Mai Fatir da Tsakuwar Matsarmama

A ƙauyen Mit Wahdan in aka ce fatir, gurasar nan mai ninki-ninki da man shanu, to gidan Nabawiyya ake nufi. 'Ya'yanta biyu ne, Wadida da ƙanwarta Sabriyya, kuma tun kansu bai kai bakin tanderu ba ta zaunar da su gaban kwaɓi. Wadida ke jan ƙullu. Takan shimfiɗa shi a kan tebur, ta ja, ta ja, har sai ana hango zanen katakon ta cikinsa, sannan ta malala man shanu, ta ninke, ta sake ja. Sabriyya kuwa wuta ce tata. Da bayan hannu take auna zafin tanderu, kuma ba a taɓa kama ta da fatir ɗanye a ciki ko ƙonanne a gefe ba. Duk amaryar da aka kai a ƙauyen da kewayensa, fatir ɗinsu ake kai mata da safe, da zumar rake da tsohon cuku. Ko da suka yi aure ba su rabu da tanderun ba, don a lungu ɗaya aka ajiye su.

Sai dai ba sana'a kaɗai gidan ya gada ba. Akwai wani ciwo da ke kama matansu a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya harba har allon kafaɗa, musamman in an ci maiƙo. Nabawiyya ta yi shekaru tana fama da shi. In ya taso sai ta ɗaure ƙugu da gyale, ta dafa na'ana'a ta sha, ta durƙusa ta haɗa kai da gwiwa har ya lafa. Likita ya ce tsakuwa ce ta cika mata matsarmama, sai an cire. Ta ce ba da ita ba.

“Yadda Allah ya ba ni jikin nan haka zan mayar masa da abinsa. Ba wanda zai rage min ko tsoka ɗaya.”

Haka kuwa ta mayar. Wata tsakuwa ta toshe hanya, shawara ta kama ta, idanunta suka koma ruwan ɗorawa, ta yi ta susa har fatarta ta ɗaɗɗaye. Ranar da za a yi mata sutura, Sabriyya ce ke zuba wa mai wankan ruwa. Abin da ta gani a ƙarƙashin zanen nan, jiki kamar an shafe shi da kurkur, bai taɓa barin idonta ba.

Da shekaru suka ja, ciwon ya zo kan Wadida. Ita ba ta tsaya dafa na'ana'a ba. Ta ce ba za ta mutu da launin Umma ba. Ta ɗaure kayanta, Sabriyya ta raka ta babban asibitin birni, aka farke ta, aka cire, aka ɗinke. Ta farfaɗo lafiya lau, har ta nemi shayi, tana tsokanar ƙanwarta wai ta zo ta zauna mata a kai ta bar tanderu yana hucewa. Bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Aka sake shiga da ita, ba ta fito da rai ba. Ta bar 'ya ɗaya, Karima, wadda ko firamare ba ta gama ba. Uban yarinyar ya sake aure ya koma birnin Suwais, Sabriyya ta riƙe ta tare da ɗanta Hilal.

To ka ga inda aka bar Sabriyya. Wadda ta ƙi wuƙa ta tafi, wadda ta yarda da wuƙa ita ma ta tafi. Gaba kura, baya siyaki. Ta ci gaba da sana'a ita kaɗai, ita ce ja, ita ce wuta. Masu saye ba su fasa zuwa ba, amma ita ta san ninkin nata bai kai na Wadida ba. Kullum da safe, kafin ta taɓa fulawa, sai ta tsaya gaban ɗan madubin da ke saman famfo, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba farin. Ba wanda ta taɓa gaya wa abin da take nema.

Ta haura hamsin kafin nata ciwon ya zo. A wajen sunan jikan maƙwabta ne, an dafa agwagwa mai kitse, aka matsa mata sai ta ci. Tun kafin ta kai gida ta ji kamar an soka mata ƙusa a ƙarƙashin haƙarƙari ana murɗawa.

“Agwagwar ce ke ramuwa, Ummu Hilal,” in ji mijinta Alhaji Sha'aban, tsohon mai tsaron shingen jirgin ƙasa, wanda tun da ya ajiye aiki ba shi da sana'a sai shayi da tsokana. “Na ce miki ki rage min cinyar, kika hana.”

Da ya ga zufar da ke keto mata, da yadda ta durƙusa ta haɗa kai da gwiwa, sai dariyar ta maƙale masa. Shi ma ya san wannan durƙuson. A gidan surukarsa ya fara ganinsa.

Karima ce ta kai ta hoton ciki. A lokacin ta zama malamar makaranta, ta yi aure a lungun, kuma ba ranar da ba ta leƙo innarta. Likitan ya juyo musu da allon ya nuna wasu fararen ɗigo a tare wuri ɗaya.

“Ga su nan, Hajiya, kamar tsabar wake. Gara a cire jakar matsarmamar tun ba ta kumbura ba. Yanzu ba farke ciki ake yi ba, 'yan huji ne ƙanana, washegari ki kwana a gidanki.”

“Haka aka ce wa yayata, abu ne mai sauƙi,” in ji Sabriyya. Ta gyara lulluɓinta ta miƙe.

A hanya Karima ta yi magiya har ta gaji. Sabriyya ba ta ko kalle ta ba, don in Karima na magiya muryar Wadida ce sak ke fitowa daga bakinta.

Shekarar annobar nan ce da aka rufe masallatai, kowa na neman abin da zai kare ƙirjinsa. Hilal, wanda ke aikin walda a Kuwait, ya aiko wa iyayensa da kwali guda na fawwar, ƙwayar bitamin si ɗin nan da ake jefawa a kofin ruwa ta tafasa. Kwalin na ajiye a kan kabad ranar da Hajiya Insaf maƙwabciyarsu ta shigo dubiya. Ita kuwa Hajiya Insaf ba cutar da ba ta da maganinta a cikin wayarta.

“Ke 'yar'uwa, ashe a kan magani kike zaune kina kuka! Wancan kwalin me kike yi da shi?”

“Na annoba ne. Alhaji na shan ɗaya da safe.”

“Ɗaya! Ɗaya ai wasan yara ne. Wani likita na gani a waya, can ƙasar waje, da farar rigarsa da komai, ya ce in aka sha da yawa narkar da tsakuwa yake yi. Ba kya ganin in butar shayi ta yi farin dutse a ciki lemon tsami ake matsa mata? To cikin mutum ma ai buta ne.”

“Naki dai randa ce, Hajiya,” in ji Alhaji Sha'aban daga bakin ƙofa.

“Ji tsohon banza! Kai da ka ƙare rayuwarka kana ɗaga wa jirgi hannu, me ka sani a kan ciki?”

Suka yi dariya su biyu. Sabriyya ba ta yi ba. Idonta na kan kwalin. Shekara da shekaru hanya biyu kawai take gani a gabanta, kowace da kabari a ƙarshenta, yau ga wata ta uku an buɗe mata.

Ta fara da biyu a rana. Ruwan ya yi launin lemo, yana tartsatsi a fuska, ga tsami mai daɗi. Ta ƙara zuwa bayan kowace salla, daga nan ta koma jefa bibbiyu a kofi ɗaya. Ta yanke maiƙo kwata-kwata: macen da hannunta ke cikin man shanu tun safe, abincinta ya koma busasshen burodi da dafaffen kabewa. Ba a jima ba cikinta ya fara kuka, sai murɗa, sai gudawa. Ta yi murna. Ta ce tsakuwar ce ta fara narkewa tana fita.

Da kwalin Hilal ya ƙare ta je kantin maganin Dakta Murkus da ke bakin gada. Ya ba ta sau ɗaya, ya ba ta sau biyu. A karo na uku ya cire tabarau ya ajiye.

“Ummu Hilal, shaguna kike buɗewa da shi ne, ko shanu kike ba?”

Ta gaya masa gaskiya. Ya girgiza kai.

“Ki saurare ni, don mahaifiyarki ta ciyar da ni fatir ina ɗan makaranta. Jiki ɗan kaɗan yake ɗauka. Ragowar sai ta zauna a hanji ta jawo ruwa, shi ne gudawar da kike yi, ba wata tsakuwa da ke fita. Wanda ya shiga jini kuma ƙoda ce ke wahalar fitar da shi. Ana dai cewa macen da ke samun isasshensa a abinci tun farko ba ta cika yin tsakuwar ba. Amma wadda ta riga ta zauna, ko kogin Nilu kika mayar fawwar ba zai narkar da ita ba. Guda a rana ya isa, in ma dole ne.”

“Na gode, Dakta,” in ji ta.

Ba ta sake taka kantinsa ba. Ta koma hawa keke mai ƙafa uku zuwa ƙauyukan da ba a san ta ba, ta saya nan, ta saya can, ta ɓoye a buhun fulawa.

Jikinta ya fara zubewa. Zoben aurenta ya koma yawo a yatsa. Ƙwannafi ya hana ta sunkuyo, haƙoranta suka mutu da tsami har ruwan sanyi ba ta iya kurɓa. In ta miƙe daga gaban tanderu sai ƙasa ta juya mata. Ciwon haƙarƙarin kuwa yana nan, yakan tafi ya dawo, ita kuma duk dawowarsa sai ta ce maganin ne bai isa ba.

A cikin wannan halin ne Wadida ta fara zuwa.

Ba da duhu take zuwa ba. Da tsakar rana ne, bayan azahar, lokacin da lungu ke yin tsit, karnuka sun shige inuwa, Alhaji na barcinsa. Sabriyya na zaune a ɗakin tanderu, ta jefa ƙwaya a kofi, tana sauraron tafasar. Sai ta ji a ƙarƙashin wannan shuuu ɗin akwai wata ƙara: tafi biyu a kan katako, sannan ja. Tafi biyu, ja. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai jan ƙullu haka. Ta ɗaga kai. Wadida na zaune a ɗaya gefen teburin, inda take zama tun suna yara, cikin rigar nan mai furanni da ta sa ranar tafiya asibiti, ƙafarta ba takalmi, kanta a sunkuye, hannuwanta na aiki a kan teburin da babu komai a kansa.

Sabriyya ba ta yi ihu ba. Abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne ƙuruciyar fuskar. Ko furfura ɗaya babu. Yayarta ce, amma yanzu ta isa ta haife ta.

“Wadida,” ta ce a hankali. “Kira kika zo yi, ko hani?”

Ba amsa. Tafasar kofin na mutuwa, teburin ya koma tebur.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Wata rana ta zo, wata rana ba ta zo ba, amma ba ta taɓa zuwa ba sai kofi na tafasa. Tun daga nan Sabriyya ta daina sanin don me take jefa ƙwayar, don tsakuwa ne ko don baƙuwar. Takan ba ta labarin lungu: wa ya mutu, wa ya haihu, yadda fulawa ta lalace ba kamar ta da ba. Takan tambaye ta ko da zafi, ko ta ga Umma, ko launin nan ya bar ta. Wadida dai aikinta take yi. Wani lokaci Sabriyya ta ji sanyi a ranta kamar an dawo mata da rabin jikinta. Wani lokaci kuma tsoro ya rufe ta, don ta lura ƙafafun nan marasa takalmi kullum ƙofa suke fuskanta, kamar na mai jiran a gama shiri a tafi.

Ranar da aka ba ta aikin fatir na amaryar gidan limamin ƙauye, ta sa su a wuta ke nan cikinta ya murɗa. Ta ruga banɗaki, ta daɗe, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Kafin ta dawo hayaƙi ya cika ɗakin. Tun da take ba ta taɓa ƙona fatir ba sai ranar. Uwar amarya ta zo ta tarar da baƙin gawayi, ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi fuskar Sabriyya, ta mayar da bakinta ta rufe. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Karima ce ta zo gyara ɗakin da ta taso daga makaranta. Tana ɗaga buhun fulawa sai ga gwangwanayen fawwar, waɗanda aka shanye da waɗanda ba a buɗe ba, sun zubo suna gangarawa a ƙasa. Ta tsaya tana kallonsu.

“Inna, duk wannan ke kika sha?”

“Magani ne.”

“Maganin me? Dubi wuyanki! Dubi hannunki! Kuma jiya na tsaya a bakin ƙofar nan na ji kina hira. Da wa kike magana?”

Sabriyya ta so ta yi ƙarya, ba ta sami ƙarfin yi ba.

“Da uwarki.”

Karima ta yi fari fat. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta sake ɗauka.

“Uwata na kabarinta, Inna. Ni na yi maraicin, na haƙura. Yunwa ce da zawo suke nuna miki abubuwa. Kar ki ƙara sa min ita a cikin wannan haukan.”

Ta kwashe gwangwanayen a leda ta fita da su. Ba ta san akwai wasu a bayan tulun man shanu ba.

Abin ya fashe ne wata safiya, Sabriyya na tankaɗe. Ciwo ya sare ta a baya, ta hagu, ba inda ta saba ji ba, ya gangaro mara kamar ana jan ƙaya. Ba irin wanda ake durƙusa masa ba ne. Wannan ba ya barin mutum ya zauna, ba ya barin ya tsaya. Ta yi amai, ta yi birgima a cikin fulawa. Da ta yi fitsari sai ta ga ja.

“Ta ƙaura, Alhaji! Tsakuwar ta ƙaura!” take ta faɗi.

Alhaji Sha'aban ya fita lungu ba hula yana kiran mai mota, Karima ta jiyo ta rugo. Sai da aka shigar da ita ta ƙofar asibitin ta gane inda take: dogon barandar nan, koren fenti har rabin bango, warin nan. Nan ta rako Wadida. Ta riƙe hannun Karima har farcenta ya shiga.

Wata matashiyar likita, Dakta Nirmin, ta yi mata allura ciwon ya sauka, aka sa mata ruwa, aka sake hoto. Da ta dawo da sakamakon, sai Karima ta zazzage mata ledar gwangwanayen a kan gado. Likitar ta dube su, ta dubi Sabriyya, ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna.

“Hajiya, ba ƙaura ta yi ba. Wannan sabuwa ce, a ƙoda take, kuma ina kyautata zaton abin nan ne ya taimaka wajen gina ta, ga gudawa ta tsotse miki ruwan jiki. Ƙarama ce, in kin sha ruwa sosai za ta fita da kanta.”

“Na matsarmamar fa? Sun ragu?”

“Suna nan yadda kika bar su. Ramar da kika yi da sauri ma ba ta yi musu komai ba sai ƙari.”

Sabriyya ta juya fuska bango. Duk tsamin nan, duk zaryar banɗaki, duk fatir ɗin amarya, ashe ko ƙwaya ɗaya ba ta narke ba.

Tsakuwar ƙodar ta fita bayan 'yan kwanaki, 'yar mitsitsiya mai ƙayoyi, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Alhaji ya ɗora ta a tafin hannu yana juyawa.

“Wannan 'yar abar ce ta fitar da ni lungu ba hula? Wallahi an ci mutuncina.”

Ta daina fawwar, gudawa ta tsaya, ƙwannafi ya lafa. Maganar tiyata kuwa ta ce a bar ta tukuna. Aka bar ta, har wata safiya suna karyawa a tsakar gida, rana ta faɗo mata a fuska. Alhaji Sha'aban ya ajiye kofin shayinsa. Ya daɗe yana kallonta.

“Sabriyya,” ya ce. Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi Hilal. “Juyo nan in ga idonki.”

Ba sai ta juya ba. Ta riga ta gani a madubi, ɗan rawaya-rawaya a gefen farin, ta ce wa kanta hasken fitila ne.

“Ni ban iya magana mai daɗi ba, kin sani,” in ji shi. “Na ɗauki makarar uwarki, na ɗauki ta yayarki. Kafaɗata ta gaji. In kin zauna, mun san ƙarshen zaman, mun gani da idonmu. In kin je, Allah kaɗai ya sani. To ni na zaɓi wanda Allah kaɗai ya sani. Tashi ki sa mayafinki.”

Ta tashi.

Sai da aka fara zura mata wani siririn bututu ta baki aka ciro tsakuwar da ta toshe hanya, idon ya washe, sannan aka sa ranar cire jakar. Da safe aka turo ta a gadon taya ta dogon barandar. Tana kwance tana kallon fitilun rufi suna wucewa, sai ta juya kai gefe. A kan bencin masu jira ga Alhaji da carbinsa, ga Karima ta rufe fuska da hannu. A tsakaninsu Wadida ce zaune, cikin rigarta mai furanni. Ba kofi, ba tafasa, ga ta nan dai. Wannan karon hannuwanta ba sa aiki, suna kan cinyarta. Ba ta ɗago ba. Sabriyya ta so ta ga inda ƙafafunta suka fuskanta, amma gadon ya riga ya sha kwana.

Ta farka da ɗaci a baki da 'yan filasta a ciki. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko a kawo shayi, ta ce a'a da ƙarfin da ya ba matar mamaki. Aka sallame ta, ta koma gida ta kwanta jiran zazzaɓi. Kullum sai ta danna cikinta ta ji ko ya fara tauri. Karima ta kwaso kayanta ta dawo gidan, hannunta kuwa bai rabu da goshin innarta ba. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Zazzaɓi bai zo ba.

Ba a ce ta koma kamar da ba. Har yau in ta ci maiƙo ya yi yawa sai cikinta ya gudu, kuma likita ta sa ta shan ruwa kamar raƙumi saboda ƙodar. Tsayuwar gaban wuta ta fi ƙarfinta, sai ta ɗauki wata bazawara daga bayan gada tana koya mata, ita kuma tana zaune a kujera tana faɗa. Hajiya Insaf ta zo barka, ta ce ai fawwar ɗin ne ya tausasa tsakuwar shi ya sa aikin ya zo da sauƙi. Alhaji ya ce in ta ƙara kalma ɗaya zai jefa wayarta a tanderu.

Wadida ba ta ƙara zuwa ba. Sabriyya takan zauna a ɗakin bayan azahar, lokacin da lungu ya yi tsit, ta kasa kunne. Ba komai sai kukan kurciya. Mutane na yi mata barka da tsallake siratsi, tana amsawa, amma a ranta ji take kamar an sake yi mata rasuwa, kuma wannan karon ba wanda zai zo mata gaisuwa.

Wata ranar Juma'a Karima ta shigo ta same ta a nan zaune. Ta ɗauko tsumma ta fara goge teburin, ta goge inda ba datti, ta sake gogewa. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

“Inna.”

“Na'am.”

“Lokacin da take zuwa ɗin nan. Ta taɓa tambayata?”

Sabriyya ta dubi 'yar yayarta, wadda yanzu ta kusa shekarun da uwarta ta tafi a cikinsu. Ƙarya mai daɗi ta zo mata har bakin harshe, ta mayar da ita.

“Ba ta magana, 'yata. Ko sau ɗaya ba ta ce min uffan ba. Aikinta kawai take yi.”

Karima ta gyaɗa kai, ta ci gaba da gugar.

“Amma ranar da kika tsaya a bakin ƙofar nan kina saurare,” in ji Sabriyya, “na san kina nan tun kafin ki faɗa. Hannunta ne ya tsaya. Ta ɗago kai, ta bar jan da take yi, tana kallon ƙofa. Ni ban taɓa samun wannan kallon ba.”

Karima ta ajiye tsumman. Ta tambaya a wane gefe take zama, Sabriyya ta nuna mata. Ta zagaya a hankali ta zauna a wajen, ta ɗora tafukanta a kan katakon, suna nan su biyu har aka kira la'asar.